Hugh Sinclair: Likitan da ya yi gwajin ra'ayinsa a kan jininsa

A yau akwai ɗakunan gwaje-gwaje da ke karɓar ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa, su auna yawan sinadarin omega-3 da ke cikinsa, su kuma ba mutum sakamako a rubuce. Shekara saba'in da suka wuce babu irin wannan awo, kuma likitoci kaɗan ne suka yarda cewa nau'in maiƙon da ke cikin jini yana da alaƙa da ciwon zuciya. Cikin waɗannan kaɗan akwai Hugh Macdonald Sinclair, likita kuma malami a Jami'ar Oxford ta Ingila. Ya bayyana ra'ayinsa tun kafin a sami na'urar da za ta tabbatar da shi ko ta ƙaryata shi, ya rasa muƙaminsa ba da jimawa ba, sannan ya yi sauran rayuwarsa yana neman hujjar da ta kamata a ce ita ya fara kawowa.

Asali da karatu

An haifi Sinclair a ranar 4 ga Fabrairu, 1910, a birnin Edinbara na yankin Sikotlan. Mahaifinsa kanar ne a rundunar sojan Birtaniya, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sir John Jackson ce, injiniyan da ya yi suna wajen gina tashoshin jiragen ruwa. Gidan masu hali ne, saboda haka bai sha wahalar kuɗin makaranta ba. Ya yi Kwalejin Winchester, daga nan ya wuce Kwalejin Oriel ta Jami'ar Oxford, inda ya fita da daraja ta ɗaya a fannin nazarin aikin sassan jiki a 1932. Ya koyi aikin likita a asibitin Kwalejin Jami'a da ke Landan, kuma a 1937, yana da shekara 27, Kwalejin Magdalen ta Oxford ta ɗauke shi cikin malamanta na dindindin.

A zamanin nan bitamin ne abin yayi a binciken abinci. Sinclair ya fara aiki a ƙarƙashin Farfesa Rudolph Peters a kan bitamin B1, wanda rashinsa ke jawo cutar beriberi. Aikinsa na farko da aka san shi da shi kuwa shi ne hanyar auna wannan bitamin a cikin jinin ɗan Adam. Tun daga nan ya riƙe ƙa'ida ɗaya: amsar da mutum zai bayar idan aka tambaye shi abin da ya ci tana iya yin kuskure, amma abin da jiki ya karɓa da gaske yana nan a cikin jini ga mai iya aunawa.

Berayen Minnesota

Abin da ya karkatar da hankalinsa zuwa maiƙo aikin wasu ma'aurata ne 'yan Amurka, George Burr da matarsa Mildred, na Jami'ar Minnesota. A lokacin masana na ganin maiƙo ba shi da wani amfani sai ba da ƙarfi, kuma hatsi na iya maye gurbinsa. Su biyun suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame duk wani maiƙo daga cikinsa. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe, wutsiyarsu ta yi kirci, ƙodarsu ta lalace, suka kasa haihuwa, daga bisani suka mutu. Da aka ɗiga musu wani irin mai kaɗan a abinci sai suka farfaɗo. A rahotannin da suka wallafa a 1929 da 1930 suka nuna cewa akwai sinadaran maiƙo da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai daga abinci. Shi ya sa ake kiran su sinadaran maiƙo na wajibi.

Iri biyu ne. Na farko shi ne linoliyik, uban dangin omega-6, wanda ake samu a man gyaɗa, da man riɗi, da man masara, da man waken soya. Na biyu shi ne alfa-linolenik, uban dangin omega-3, wanda ke cikin man waken soya da koren ganyaye. Daga na biyun jiki kan sarrafa wasu sinadarai masu doguwar sarƙa da ake kira EPA da DHA, sai dai kaɗan yake iya sarrafawa. Mafi yawan abin da mutum ke samu na waɗannan biyu daga kifi mai maiƙo yake fitowa, irin su sadin da titus. Da waɗannan sinadarai ake gina bangon kowace ƙwayar halitta a jiki, har da ƙwayoyin jini da na zuciya.

Yawancin likitocin lokacin sun ɗauki binciken a matsayin matsalar ɓeraye, domin ba su taɓa ganin ɗan Adam da irin wannan wutsiya mai kirci ba, balle su yi maganinsa. Sinclair ya ɗauke shi da muhimmanci, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ya jingine batun.

Shekarun yaƙi

Birtaniya ta fara rabon abinci da kati a watan Janairun 1940, gwamnati kuma na bukatar sanin ko abin da ake ba jama'a yana riƙe lafiyarsu. Sinclair ya kafa wata tawagar binciken abinci a Oxford, wadda ta riƙa duba mata masu juna biyu, da ɗalibai, da ma'aikatan masana'antu. Ana auna nauyinsu, a duba idanu da fata da dasashi, a kuma ɗebi jini a auna bitamin da furotin. Tawagar na da motocin da aka mayar ɗakunan gwaji, suna bin gari gari.

A 1944 ya je Kanada, inda ya sami damar ganin mutanen Inuwit, waɗanda a da ake kira Eskimo, mazauna yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Abincinsu nama ne da kitsen dabbobin teku da kifi, kusan babu hatsi ko ganye. Duk da haka bai ga alamun toshewar jijiyoyin jini a jikinsu kamar yadda ya saba gani a Ingila ba. Ya rubuta abin da ya lura da shi a wata maƙala a 1953.

A ƙarshen yaƙin aka tura tawagarsa ƙasar Holan. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar, mutane suka koma cin saiwar furanni, kuma kimanin mutum 20,000 suka mutu da yunwa. Sinclair da mutanensa sun auna dubban samfuran jini a can, sannan suka wuce Jamus suka yi irin wannan aiki. An ba shi muƙamin girmamawa na birgediya don sauƙaƙa masa aiki a tsakanin sojoji, kuma Holan da Amurka sun ba shi lambobin yabo.

Ya dawo gida da suna da kuma tarin bayanai. Jami'ar Oxford ta ba shi ɗakin binciken abincin ɗan Adam, a 1951 kuma ta naɗa shi babban malami a wannan fanni. A nan wani rauni nasa ya fara bayyana. Mafi yawan bayanan da tawagarsa ta tara a shekarun yaƙi ba a wallafa su ba. Mutum ne mai saurin fahimta da kaifin harshe, mai son fara sabon aiki, amma zaman tace alƙaluma da rubuta rahoto yana yi masa nauyi. A jami'a kuwa, abin da malami ya wallafa shi ake ƙirga masa.

Wasiƙar 1956

A shekarun 1950 bugun zuciya ya zama babban abin da ke kashe maza masu matsakaicin shekaru a Birtaniya da Amurka. Ra'ayin da ke samun karɓuwa shi ne na Ancel Keys, wani masani ɗan Amurka, wanda ya ɗora laifin a kan yawan cin kitse da hauhawar kolestarol a jini. Sinclair ya dubi batun ta wata fuska. Idan yawan kitse ne kaɗai matsalar, ya kamata Inuwit su fi kowa mutuwa da ciwon zuciya. Saboda haka, a ganinsa, dole a duba nau'in maiƙon da ake ci da kuma wanda aka rasa.

A watan Afrilun 1956 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wata doguwar wasiƙa tasa. A ciki ya yi bayanin cewa abincin zamani ya rage wa mutane sinadaran maiƙo na wajibi. Ya kawo misali da yadda ake cire ƙwayar alkama mai maiƙo wajen yin farar fulawa, da yadda masana'antu ke daskarar da man tsirrai don yin majarin, abin da ke lalata sinadaran wajibi ya kuma haifar da wani irin maiƙo da jiki bai saba da shi ba. Ya ce wannan rashi ne ke sa kolestarol taruwa a bangon jijiyoyin jini.

Da ya tsaya a nan, da wataƙila an saurare shi. Amma ya ci gaba ya danganta wannan rashi da kansar huhu, da kansar jini, da gyambon ciki, da wasu cututtuka masu yawa, ba tare da gwajin da aka yi a kan mutane ba. Abokan aikinsa suka ga kamar ya ɗauki mabuɗi ɗaya yana cewa zai buɗe kowace ƙofa. Aka yi ta sukar wasiƙar, wasu ma suka mayar da ita abin dariya. A 1958 jami'ar ta ƙi sabunta muƙaminsa na babban malami, ɗakin bincikensa kuma ya kuɓuce masa. Wasiƙar ta taimaka wajen faɗuwarsa, haka nan ƙarancin wallafe-wallafensa da saɓanin da ke tsakaninsa da manyan jami'ar. Ya ci gaba da koyarwa a Magdalen, amma yana da shekara 48 ya zama mai bincike marar wurin bincike.

Abin da na'ura ta nuna

Babban cikas ga Sinclair shi ne rashin ma'auni. Hanyoyin da ake da su a lokacin ba sa iya rarrabe sinadaran maiƙo ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. A 1952 ne wasu masana biyu a Landan, Archer Martin da Anthony James, suka ƙirƙiro na'urar da ke tura samfuri ta cikin siririn bututu da iskar gas, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, a gane shi a kuma auna yawansa. Sai da aka ɗauki shekaru kafin na'urar ta yaɗu a ɗakunan bincike.

Da ta yaɗu, sakamakon bai goyi bayan Sinclair gaba ɗaya ba. A 1960 Ralph Holman, ɗalibin George Burr, ya nuna cewa idan jiki ya rasa sinadaran wajibi yakan haɗa wani maiƙo na maye gurbi, kuma ana iya ganin hauhawarsa a jini. Da wannan awo aka gane cewa cikakken rashi abu ne da ba a cika samu ba a wajen masu cin abinci na yau da kullum. An fi ganin sa a jariran da aka shayar da madarar da aka cire wa maiƙo, da majinyatan da aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya ba tare da mai ba. Wato yawancin masu ciwon zuciya ba su da cutar ɓerayen Minnesota.

Sai dai wani ɓangare na ra'ayinsa ya fara samun tushe. A 1964 masana a Suwidin da Holan suka gano cewa daga sinadaran maiƙo na wajibi jiki ke yin wasu sinadarai masu aika saƙo, waɗanda daga baya aka tabbatar suna da hannu a kumburi, da buɗewa ko tsukewar jijiyoyi, da daskarewar jini. Wannan fanni ne ya kai Sune Bergström da Bengt Samuelsson da John Vane ga lambar Nobel a 1982.

Girinlan

A 1970 wasu likitoci biyu daga birnin Aalborg na ƙasar Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka tafi yankin Uummannaq a arewa maso yammacin tsibirin Girinlan, suka ɗebi jinin mutum 130 'yan Inuwit. Sun tarar maiƙon jininsu bai kai na mutanen Denmak ba, duk da yawan kitsen da suke ci. Da suka rarrabe sinadaran da na'ura, sai suka ga EPA ya yi yawa ƙwarai a jinin Inuwit, alhali ɗan kaɗan ne a jinin mutanen Denmak. Abin da Sinclair ya yi hasashe da ido a 1944 ya fara bayyana a alƙaluma.

A 1976, yana da shekara 66, ya bi su zuwa Girinlan don auna abincin da mutanen ke ci, kuma sunansa na cikin rahoton da aka wallafa a 1980. A 1978 Dyerberg da Bang da abokan aikinsu suka bayyana yadda suke ganin abin ke faruwa: EPA yana rage wa ƙwayoyin daskarar da jini saurin mannewa da juna, don haka gudan jinin da ke toshe jijiyar zuciya ba ya saurin haɗuwa. Sun kuma tarar cewa jinin Inuwit yakan daɗe yana zuba kafin ya tsaya idan aka yanke su.

Kwana ɗari a kan nama da kifi

Tambayar da ta rage ita ce ko wannan gado ne na jinsin Inuwit ko kuwa aikin abinci ne. Sinclair ya yanke shawarar amsa ta da jikinsa. A 1979, yana da shekara 69, ya yi kwana 100 ba ya cin komai sai naman sil, wata dabbar teku mai shayarwa da kitse mai kauri, da kifi da sauran halittun teku, yana korawa da ruwa. Babu burodi, babu ganye, babu 'ya'yan itace. A kai a kai ake ɗibar jininsa, ana kuma yi masa ƙaramin tsagi a hannu a ƙirga mintunan da jinin zai yi kafin ya tsaya.

Kafin ya fara, jininsa kan tsaya cikin minti uku zuwa huɗu. A tsakiyar gwajin sai da ya kai kimanin minti 50. Ya rame, ya riƙa yin haɓo, ƙaramin bugu kan bar masa tabo, sinadaran EPA da DHA kuma suka hauhawa a jininsa. Ya nuna cewa abinci kaɗai na iya canza jinin Bature ya koma irin na Inuwit, har ya wuce. Ya kuma nuna, ko da bai yi niyya ba, cewa wuce gona da iri a wannan maiƙo yana da nasa haɗarin. Gwaji ne na mutum ɗaya, wanda ba zai iya tabbatar da kariya daga bugun zuciya ba, kuma kamar yadda ya saba, bai wallafa cikakken sakamakonsa ba.

Ƙarshen rayuwa

Tun 1972 ya kafa cibiyar binciken abincin ɗan Adam a gidansa da ake kira Lady Place, a ƙauyen Sutton Courtenay kusa da Oxford. Ya tara ɗimbin littattafai da kayan aiki, ya yi ta neman kuɗin gina ɗakin bincike na zamani, amma cibiyar ba ta kai matsayin da ya yi mata buri ba. Daga 1970 zuwa 1980 ya koyar a Jami'ar Reading a matsayin farfesa mai ziyara. Bai yi aure ba.

Ya rayu har ya ga sakamakon wani gwaji da aka yi a yankin Wales aka wallafa a 1989. An bi maza 2,033 da suka taɓa samun bugun zuciya, aka tarar waɗanda aka shawarta su riƙa cin kifi mai maiƙo sun sami raguwar mace-mace da kashi 29 cikin 100 a cikin shekara biyu. A shekarunsa na ƙarshe aka dawo ana gayyatar sa taruka ana karrama shi. Ya rasu a ranar 22 ga Yuni, 1990, yana da shekara 80. Da dukiyar da ya bari aka kafa sashen nazarin abincin ɗan Adam mai ɗauke da sunansa a Jami'ar Reading a 1995.

Hukuncin da bincike ya yanke bayansa

A 2004 William Harris na Amurka da Clemens von Schacky na Jamus suka gabatar da ma'aunin omega-3, wato kason EPA da DHA cikin dukkan maiƙon da ke bangon jajayen ƙwayoyin jini. Da yake waɗannan ƙwayoyi na rayuwa kimanin kwana 120, sakamakon yana nuna abincin watanni, ba na daren jiya kaɗai ba. Sun ba da shawarar cewa kashi 8 cikin 100 zuwa sama shi ne abin so, kashi 4 zuwa ƙasa kuwa yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa da ciwon zuciya. Irin wannan awo ne Sinclair ya rasa a 1956. Duk da haka bai shiga jerin gwaje-gwajen da likitoci ke yi wa kowa ba, kuma bai maye gurbin awon hawan jini, da sukari, da kolestarol ba.

Gwajin ƙwayoyin man kifi kuwa ya ba da sakamako mabambanta. Wani da aka yi a Italiya a kan majinyata sama da 11,000, aka wallafa a 1999, ya nuna raguwar mace-mace. Wasu manya biyu da aka wallafa a 2018, ɗaya a Amurka a kan mutum kusan 26,000, ɗaya a Birtaniya a kan masu ciwon sukari sama da 15,000, ba su sami raguwar a zo a gani a manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi ba. A shekarar dai wani gwajin da ya ba majinyata masu yawan maiƙo a jini giram 4 na tataccen EPA a kullum ya sami raguwar kashi 25 cikin 100, sai kuma wani mai kama da shi a 2020 bai sami amfani ba. An kuma lura cewa shan man kifi da yawa na ƙara haɗarin rikicewar bugawar zuciya. Ko labarin Inuwit ɗin ma an sake duba shi: a 2014 wasu masana a Kanada suka nuna cewa Bang da Dyerberg jini da abinci suka auna, yawan ciwon zuciya kuwa sun dogara ne da bayanan asibiti marasa cika. Shawarar da ta tsaya ita ce ta cin kifi kamar sau biyu a mako.

Inda tarihi ya fi ba shi gaskiya shi ne batun man da masana'antu ke daskararwa. Bincike ya tabbatar cewa maiƙon da ke fitowa daga wannan sarrafawa yana ɗaga mummunan kolestarol, yana kuma rage mai kyau. Denmak ta taƙaita shi da doka a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci a 2018, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idar taƙaita shi a 2023 ta hannun hukumar NAFDAC. Sinclair ya yi wannan gargaɗi shekara 47 kafin dokar farko.

Masu nazarin tarihin likitanci na sanya shi cikin waɗanda suka fara gane cewa nau'in maiƙo na da muhimmanci kamar yawansa. Suna kuma lura cewa ya haɗa hasashen da ya tabbata da wanda bai tabbata ba a takarda ɗaya, ya faɗe su da murya ɗaya, ya bar wa wasu aikin tantancewa. Bang da Dyerberg, da Holman, da Harris ne suka yi wannan aiki, da samfurin jini da na'ura da rahoton da aka wallafa, kuma har yanzu ba a kammala shi ba.